Ranar da Baba Ya Amsa Kira

Zuwa ga Yayana Octavian,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata wannan takarda za ta same ka lafiya, kai da Anti Mirela da yara, kuma aikin gonar lemu a Sifen bai fi ƙarfin bayanka ba. Allah ya ƙara lafiya, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan mun gama tsinkar inabi, 'yata Ilinca ta koma makaranta a birnin Craiova, rufin ɗakin ajiya da ka damu da shi an gyara. Na zaɓi in rubuto maka ne saboda duk lokacin da ka kira waya Baba yana zaune kusa da ni, kuma abin da zan faɗa ba na gaban kunnensa ba ne.

Ka san na gaya maka masu shirin talabijin sun sauka a ƙauyenmu tun watan jiya, suna ɗaukar labarin littattafan nan na matattu masu dawowa da Ilinca take haukar karantawa. Tsohuwar maƙabartarmu ta kan tudu suka gani suka so. Rabin ƙauye ya samu aikin zama gawa. A shafa wa mutum fenti ruwan toka, a manna masa ruɓaɓɓen haƙori, a ce ya ruga da gudu yana gurnani yana neman wanda zai ciza. Dariya kawai muke sha. Matar mai shago ta ce wa Baffa Marin shi ba sai an ɓata fenti a kansa ba, a tura shi haka nan, shi kuma ya ce mata ita ko a kabari ba za ta yi shiru ba, balle ta iya zama gawa. Ilinca ce kaɗai take fushi. Har ta tare wani daga cikin masu shirin ta ce sun lalata labarin, ya ce mata gawar da ba ta gudu ba ta cizo ba za ta hana mai kallo canza tasha ba.

Da za ta tafi ta bar mini littafin farko, na karanta, kuma da ma ban karanta ba. A cikinsa matattu ba sa ruɓewa, ba sa gudu, ba sa cizon kowa. Suna dawowa da rana tsaka, fes da su, da fuskarsu da tufafin da aka san su da shi. Su tsaya a ƙofar gida su kira sunan mutum ɗaya. In ya amsa, shi ke nan, abinci ya fita daga ransa, ya yi ta bushewa cikin murna har ya bi su. Yaya, wannan shi ne irin abin da Kaka take gaya mana muna yara, har ta hana mu amsa kiran farko in ba mu ga mai kiran ba. Na talabijin ɗin ko yaro ba ya tsoronsu. Na littafin ne suka sa na riƙa waiwaye in na fita ɗiban ruwa.

Yanzu ga laifina, gara ka ji daga bakina. Mai kula da tufafin shirin ta bi gida gida tana neman tsofaffin kaya, ni kuma na ba ta koren kwat ɗin Mama mai manyan maɓallai, da baƙin ɗankwalinta. Na ga shekara biyu ke nan tun rasuwarta suna cikin akwati asu yana ci. Ban yi tunanin komai ba.

Ranar Talatar makon jiya da tsakar rana ina bayan gida ina ba kaji hatsi, Baba yana kan bencinsa a tsakar gida. Wata mata mai suna Rodica, daga garin da ke gaba da mu, ita aka sa wa kayan Mama, ba a kai ga shafa mata fenti ba. Ƙishi ya kama ta, aka ce mata rijiyar gidan Ilie, wato Babanmu, ta fi kowace sanyi. Tsawonsu ɗaya da Mama, shekarunsu kusan ɗaya. Ta tsaya a ƙofarmu ta kira sunansa sau biyu. Da kunnena na ji ya amsa, da wata murya da rabona da ji tun kafin kansa ya fara rikicewa, ya kira ta da sunan Mama ya ce ga shi nan, Floarea, me ya sa ta daɗe haka. Matar ta tsorata ta juya. Kafin in zagayo ya fita, mutumin da sai da sanda yake kai kansa bakin ƙofa.

A maƙabarta na same shi, a tsakiyar gawarwakin fenti sun fi talatin, suna zaune a kan kaburbura suna cin burodi da cuku. Ko kallo ba su ishe shi ba. Yana riƙe da hannun kwat ɗin yana gaya wa matar cewa ya gyara mata murhu, ba ya hayaƙi yanzu. Ita Rodica kuka take yi tana ba ni haƙuri.

Yau kwana tara ke nan bai ci abin kirki ba. Tuwon masara da madara da ba ya wuce masa, sai ya ture kwanon a hankali ya ce ya ƙoshi, za su ci tare da Mama. Likita ya zo ya duba shi, ya ce bai ga sabon ciwo ba, amma in aka ƙara mako a haka sai an kwantar da shi an sa masa ruwa. Na roƙi Rodica ta zo da kayanta na gida don ya gane. Ya gaishe ta da mutunci, ya ce in kawo wa baƙuwa inabi, bayan ta tafi ya tambaye ni ko wace ce. Na karɓo kwat ɗin na nuna masa, na ce kaya ne kawai aka ara. Ya shafa shi ya yi murmushi ya ce ai kuwa tunda ta bar kwat ɗinta dole ta dawo ɗauka, sanyi ya kusa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne Baffa Marin da Gwaggo Zamfira. Sun daina dariya. Gwaggo ta ce ba ruwanta da wata Rodica, mamaci yana iya aron jikin kowa, kuma ba za ta zuba ido matar ɗan'uwanta ta janye shi ba. Ta ce a buɗe kabarin Mama a yi wa gawar abin da mutanen zamanin da suke yi don kada mamaci ya ƙara tasowa. Ka san abin da take nufi, ba zan iya rubuta shi ba. Na ce mata Mama ce fa, wadda ta yi jinyarta wata uku da ta karye. Ta ce waccan Floarea mai rai ce, ba wadda ke cikin kabari ba. Shekaranjiya da safe na tarar da Baffa a kan tudun da shebur a kafaɗa, wai ciyawa ya zo sharewa. Fada Grigore na cocinmu ya ja musu kunne, ya ce zai kira 'yan sanda, amma shi ƙauye uku yake yi wa hidima, ba kullum yake nan ba. In na tsare Baba a gida, kabarin ba mai gadi. In na hau tudu, Baba yana bakin ƙofa yana leƙen hanya. Ni kaɗai ce, kuma Baffa ba ya jin maganar mace. Taka zai ji.

Ba zan ɓoye maka ba, ni ma wani lokaci in iska ta kaɗa ƙyauren ƙofa sai gabana ya faɗi, alhali ni da hannuna na ba da kwat ɗin.

Yau da safe ya ce in yi masa aski in goge masa farar rigarsa ta zuwa coci. Na yi. Da na kawo miya ya ture, sai na ji bakina ya ce Tavi, kamar yadda yake kiranka, yana hanya, ba zai ji daɗi ya tarar da shi a rame ba. Ya daɗe yana kallona. Sannan ya ɗauki cokali ya sha sau huɗu, ya ce to, in ta zo zai roƙe ta ta ɗan jira har yaron ya iso. Yaya, na riga na faɗa. Kada ka mai da ni maƙaryaciya a gabansa, don ban san kwana nawa zai yarda ya jira ba.

Ka gaishe mini da Anti Mirela, ka ce ta yi haƙuri da ni. Ka sumbaci Sorina da Dragoş. Ilinca tana gaishe ku, ba ta san rabin abin nan ba, kada ku gaya mata a waya. Allah ya kawo ka lafiya.

Ƙanwarka,
Viorica