Gawon Bakin Gonarmu

Gembu, Yuli 1964

Yaya Mudi,

Gaisuwa mai yawa. Ina Inno da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau, sanyin duwatsun nan ne kawai ya kama ƙirjina. Kada ka gaya mata.

Na fita da ɗalibaina muka yi zango a daji, su karanta labari, su nemo abin da ya faɗa. Na rubuta musu labarin gawo, mai kaɗe ganye da damina. Suka fahimta sarai, suka zaga dajin, suka dawo wai, "Malam, babu wannan itace a duniya." Na yi dariya, amma ranar na kasa cin tuwo.

Aiko mini da 'ya'yan gawo daga Bakori. Gawon gonarmu yana nan dai ko? Ni ma na fara shakka.

Ƙaninka,
Gwadabe