Jar Fitilar Talla Ta Huɗu

Litinin, 3 ga Maris, 9:40 na safe
Ranar farko a aiki, a ɗan ɗakin da ke bayan na Oga. Kujera ɗaya, kwamfuta, fanka mai ƙara. Oga yana buga wasan bidiyo kai tsaye, jama'a na kallo ta intanet, wani lokaci tun safe har yamma. Nawa aikin: idan lokacin tallar lemon gwangwani ya yi, in danna maɓalli, jar fitila ta kama a gabansa, ya ɗaga gwangwani ya karanta. Sau huɗu a rana. Wakiliyar kamfanin lemon ta ce makon gwaji ne, talla ɗaya ta kuɓuce ba za su sabunta yarjejeniya ba. Ba yarjejeniya, ba ni.

Laraba, 5 ga Maris
Umma ta kira. "To kai wasan kake yi ko kallo?" Na ce ba ko ɗaya. Ta ce Allah ya sa albarka.

Alhamis, 6 ga Maris
Masu kallo sun raɗa mini suna. Fitila na kamawa Oga zai ce, "Jama'a, Mai Agogo ya iso," sai saƙonni su yi ta zubowa: a kore shi, a ɓoye masa maɓallin. Wasa ne, na sani. Ina cin abincin rana ina karantawa. Bango ɗaya ne tsakanina da Oga, amma ta lasifika nake jin muryarsa.

Asabar, 8 ga Maris
Ranar ƙarshe ta gwaji. Talla uku sun fita daidai. Saura kaɗan ta huɗu, wani ya tambayi Oga wa ya koya masa wasa. Ya ce yayansa. Sai ya daina bugawa, aka kashe shi a wasan, bai ko kula ba. Ya ce sun daɗe ba sa magana, kuma kullum yana duba sunayen masu kallo ko zai ga nasa. "Yaya, in kana nan, ko ɗigo ka rubuta." Saƙonni suka tsaya cak. Ban taɓa ganin haka ba.
Yatsana na kan maɓalli. Lokaci ya yi, ina gani. Ya wuce, ina gani.
Da aka rufe shirin ya leƙo ɗakina, karon farko. "Malam, fitilar ta lalace ne?" Na ce lafiyarta lau. Sai ya ce in ja ƙofa idan zan fita.

Lahadi, 9 ga Maris
Ba aiki. Wanki.

Litinin, 10 ga Maris
Na rubuta wa wakiliyar abin da ya faru da lokacinsa. Na sa kalmar "kuskure", na goge, na aika haka. Abin da ban sani ba har yanzu:
Ko za su sabunta.
Ko Oga ya ji haushi.
Ko yayan yana cikin masu kallo.
Ko zan danna, in hakan ta sake faruwa. Wannan ina jin na sani.