Ina so yaran Gargawun su kira sunan 'yata

Ummu Rashid, don Allah ki agaza min da shawara kafin azumi ya raba, zuciyata ta ƙi zama wuri ɗaya.

A nan garin Muharrak aka yanke cibiyata. Har yau idan na lumshe ido ina ganin kaina ranar Gargawun, bikin yara na daren tsakiyar azumi: an sha ruwa, wata ya cika, na yafa mayafina mai zaren zinariya, jakar da kakata ta ɗinka tana lilo a wuyana. Mu bi lungu-lungu, ƙamshin turaren wuta yana biyo mu daga gidaje. Kin san yadda ake yi. Mu tsaya a ƙofa, mu tambayi sunan autan gidan, mu rera masa addu'ar Allah ya raya shi ya bar wa uwarsa, sannan a zuba mana gyaɗa da alawa da busasshen ɓaure. Tun lokacin nake mafarkin ranar da zan tsaya ta cikin ƙofa in ji ana kiran sunan nawa ɗan.

Na yi aure, shekaru suka yi ta tafiya, haihuwa shiru. Duk da haka ban fasa cika kwandon alawar yara ba. Yara su ce, "Khala," wato inna, "sunan wa za mu sa?" in ce su sa na ɗan ƙanwata. Maigidana Jasim yana jin mu daga ɗaki. Wata shekara ya fito a fusace ya ce, "Kai, ku ɓace min da gani! Iyayenku da motoci kuna bara? Wannan ai Halowin ɗin Turawa ne aka sa wa jallabiya!" Tun daga ranar suke tsallake gidanmu. Ina jin muryoyinsu suna matsowa, su ɗauke daidai ƙofarmu, su ci gaba a gidan gaba. Wallahi abin yana min ciwo.

To bana Allah ya ba mu Lulwa. Ina shayar da ita ina jin waƙar a kunnena da sunanta a ciki, har in waiga ƙofa. Na yi wa Jasim maganar, ya ce bara dai bara ce, ba za a yi yawo da sunan 'yarsa a titi ba. Mutumin kirki ne, ba na son saɓa masa. Shin bara ce? Aron Turawa ne? In haƙura?

Mai jira a bayan ƙofa

*

'Yata, barka da arziki, Allah ya raya Lulwa.

Jasim yana da tasa gaskiyar. Gargawun ɗin yanzu ya cika gasa da ƙarya, wasu yaran ma ba sa gama addu'ar suke leƙa kwando. Amma maganar aro ba ta taso ba. Kakanninmu sun yi shi tun mazajensu na nutso neman lu'ulu'u. Wasu sun ce murnar haihuwar jikan Annabi ce, wasu sun ce tukuicin yaran da suka kai rabin azumi ne. Na Turawan ma, Halowin ɗin da yaransu ke bin gidaje karɓar alawa, an ce a da masu bin gidajen addu'a suke yi wa mamatan gida a ba su gurasa. Mai bara buƙata ke kawo shi. Waɗannan da ƙoshinsu suke zuwa, kuma su ke fara ba ki abin da ba a sayarwa a kasuwa.

Sai dai ban yarda bara ce ta dami mijinki ba. Shekara nawa yana zaune a ɗaki, yara na tambayar abin da ba shi da shi, matarsa na aron sunan ɗan wani? Ke kin cika kwando, shi ya rufe ƙofa, amma ciwon ɗaya ne. Yanzu kuma kunyar janye maganarsa yake ji a gaban yaran unguwa.

Don haka kada ki je masa da tarihi. Ki bari ya sha ruwa ya huta, ki ɗora masa Lulwa a cinya, ki faɗa masa mafarkinki yadda kika faɗa min. Idan ya sassauta, ki aika wa maƙwabciya ta sanar da yaran. Idan ya ƙi, kada ki buɗe a bayan idonsa. Gargawun na dawowa baɗi, lokacin Lulwa ta fara tafiya. Za ta ji waƙa ta nufi ƙofa da kanta, sai mu ga uban da zai iya tare ta.

Allah ya karɓi ibadarku, ya cika muku gida da hayaniya.

Ummu Rashid