Baƙin Ruwan da Ya Fito Daga Lagireto

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Inna.

Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifiyarsa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ɗanki Habu ne. Na san takarda ba ta zuwa inda kike. Jama'a ne za su karanta, to su karanta, amma da ke nake. Ƙara na kawo miki, kuma sai kin ji ta har ƙarshe za ki san wanda nake ƙara.

Kin san akori-kurar da Baba ya bar mana ni da Yaya Malam, wadda nake ɗauko riɗi da zoɓo da ita daga ƙauyukan Buji in kai kasuwar Shuwarin. To, tun bayan rasuwarki ta tsiri wani hali. Da na hau hanya da kaya, ba zan yi nisa ba allurar zafi za ta fara hawa. In tsaya a gefen titi, in jira, in ƙara ruwa, in tashi, can gaba ta sake. Motar da take zuwa Gantsa ta dawo ba ta yi ko tari ba, ita ce ta koma sai lallashi.

Kin kuma tafi ba ki ji maganar da Yaya Malam ya fara ba bayan an share makoki. Cewa ya yi a sayar da motar. Wai ta tsufa, wai hanya ba ta da tabbas. Na ce a'a. Ya sake tayarwa bayan Sallah, na sake cewa a'a. A raina na ce, mutumin da ko sitiyari bai taɓa riƙewa ba, kullum yana zaune a zaure da alluna, yaushe ya san tsufan mota? Na bar abin a cikina, amma ban yarda da shi ba.

Sai Rabi ta zo mini da labari. Kin san matata ba ta da ƙarya, sai dai ba ta iya riƙe abin da ta gani. Ta je gidanmu na Yalwawa da sassafe karɓo rariya, ranar kasuwa, motar tana ƙofar gida inda nake kwanar da ita. Ta tarar da bonet a ɗage, Yaya Malam a sunkuye, da gora a hannunsa yana tsiyaya wani baƙin abu. Da ya gan ta, sai ya tura gorar cikin riga, ya gaishe ta kamar ba a yi komai ba.

Inna, ranar ko tuwo ban iya ci ba. Na yi ta haɗa wannan da wancan: ga mai son a sayar, ga mota ta lalace, ga gora a ɓoye. Na tuna yadda yake tambayata kullum, gobe za ka fita, ina za ka nufa. Da ina ɗauka kulawa ce. Yanzu duk tambayar da ya taɓa yi mini sai ta dawo da wata fuska. Har gaisuwarsa a masallaci na fara auna ta.

Ban manta ba, a asibiti kin riƙe hannuna da nasa kin ce, “Ku biyu ne, kada in ji.” Wannan maganar ce kawai ta hana ni zuwa in same shi a gaban ɗalibansa. Na ce ba zan yi magana ba sai da shaida a hannuna. In kuma shaidar ta fito, to Allah Ya ba ki haƙuri, zumunci ya ƙare.

Ranar Juma'a da safe na kai motar filin bayan gidana, na kashe ta. Baba kan ce kada a kuskura a taɓa murfin lagireto sai inji ya huce, don ya taɓa ganin yadda tururi ya saɓule wa wani direba fatar hannu. Na zauna a kan dutse ina jira. Motar ta huce, ni ban huce ba.

Na sa Rabi ta ɗaure awaki, don kada su zo su sha. Na tura babban baho a ƙarƙashi, na buɗe murfi, na kwance tiyon ƙasa. Da wani lokaci ne, a ƙasa zan bar shi ya malale, amma wannan ruwan shaidata ce, ko ɗigo ban so ya zube ba.

Na saba ganin ruwan lagireto. In ya daɗe, ja yake fitowa, launin tsatsa. Wannan baƙi ne wuluk, ga kauri, a ƙarshe har da wani gudaji-gudaji mai danƙo da yake fitowa da kyar. Na shafa a yatsa. Ba baƙin mai ba ne, don ba ya maiƙo. Yana kama yatsa, in ka raba sai ya yi zare. Na ce shi ke nan, ɗan'uwana ya yi mini abin da ko maƙiyi sai ya yi tunani.

Na mayar da tiyo, na cika ta da ruwa mai kyau, na tayar da ita ta yi ɗumi, na kashe, na jira, na sake zubarwa. Ya fito toka-toka. Na yi ta maimaitawa har hantsi ya ɗaga, kafin ya fara fitowa garau. Kowane zubi ina shirya maganar da zan faɗa masa. Sannan na ɗauko koren ruwan nan na kanti da ake sayarwa don sanyaya inji, na zuba a hankali, na bar murfin a buɗe inji yana aiki har kumfar iska ta gama fita, na ƙara, na rufe. Allura ta tsaya a tsakiya ba ta motsa ba. Ko daɗi ban ji ba.

Bayan an sauko daga masallaci na ɗora bahon farko a kujerar gaba, na nufi Yalwawa. Gilashi a rufe, rana ta bugi ruwan, sai wani wari ya cika motar. Na san warin nan, amma na kasa tuna inda na san shi. Har na shiga layinmu ina ta lalube.

Da na ajiye bahon a zaure na gane. Warin da ke cikin bahon shi ne warin zauren. Ƙaro ne da gawayi. Tawada ce, Inna, irin wadda muka tashi muna gani ana dafawa a gidanmu.

Yaya Malam ya dubi bahon, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Ban ma tambaye shi ba ya faɗa. Ya ce tun ranar da na fara jan motar nan kika sa shi yake rubuta addu'ar tsari a allo duk daren kasuwa, ya wanke. Da asuba ku fito tare, shi ya ɗaga bonet, ke ki auna cikin murfin gora ki zuba da hannunki. Kin ce kada ya gaya mini, don kin san halina. Da ciwo ya yi tsanani kika ɗora masa amanar. Shi kuma da ya ga babu ke, babu addu'ar bakinki a bayana, sai tsoro ya kama shi, ya daina awo, ya koma juye gora guda. Maganar sayarwa ma, ya ce, duk ranar da na fita ba ya iya karatu da natsuwa sai ya ji ƙarar motar ta dawo.

Nan take wata safiya ta faɗo mini. Kin miƙo mini ƙoƙo a bakin ƙofa, na ce ni fa na girma da shan rubutu, yana ɓata mini ciki, ga sauri ina yi. Ba ki yi faɗa ba. Kin janye hannunki kin ce, “To bar shi, akwai mai sha.” Duk shekarun nan na ɗauka jikokinki kike nufi. Ashe motar ce mai shan.

Ga ƙarar tawa, Inna, ke nake ƙara. Kin haɗa baki da ɗanki a bayan idona, kin bar ni na kusa yanke ɗan'uwana a kan amanar da ke kika ba shi. Kuma ban daina zarginki ba. Yanzu kunun da kike dama mini ranar kasuwa, mai ɗan ƙauri ɗin nan da kike cewa itace ne ɗanye, ban yarda da shi ba. Akwai wani ɗinki a ƙasan kujerar direba da ba na tuna wanda ya yi shi. Na shafa na ji tudu, na janye hannuna, ban farke ba.

Ban gaya wa Yaya Malam abin da na zo da shi a raina ba, amma ya sani. Mutum ba ya ɗauko baho tun daga gidansa don ya kawo gaisuwa. Bai ce komai a kai ba, wannan ya fi yi mini ciwo. Ruwan dai ya ce ba a zubar da shi a kwata, ba kuma a sha saboda tsatsa. Muka kai shi can ƙarshen fili inda ƙafa ba ta bi, ya haƙa rami, na zuba, ya rufe. Na ce masa lagireto ba ya son ƙaro, shi yake toshe shi. Ya ce shi bai san wannan ba, abin da ya sani kin ce kada motar ta fita babu rubutun a cikinta.

Da ranar kasuwa ta zagayo na zo ɗaukar mota da sassafe. Ga shi tsaye a jikin bonet da gorarsa, bai ɓoye ba, bai kuma buɗe ba, ya rasa yadda zai yi da amanarki. Na miƙa hannu ya ba ni. Na yi bisimilla na kafa kai sai da na ga ƙarshenta. Ɗacinsa yana nan yadda na san shi. Na shiga mota na tayar, ina kuka har na wuce kwanar Shuwarin.

Maganarki ba ta faɗi ba, Inna, motar ta fita da rubutun a cikinta. Mai shan ne kawai ya canza.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga tafkin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ya yafe mini zaton da na yi wa ɗan'uwana, Ya bar mu tare yadda kika bar mu. Amin.

Ɗanki mai taurin kai,
Habu
Dutse