Tafkin Baba Saja

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya aiki, ya fama da kwalta? Tunda dajin da kuke shimfiɗa titi waya ba ta kamawa, na ba direbanku wannan takarda. Mu duk lafiya lau. Umma ta fara cin abinci sosai, har ta koma yi mini faɗa, ka ga kuwa sauƙi ya samu.

Jiya muka buɗe ɗakin kayan Baba, karo na farko tun rasuwarsa. Komai na nan yadda ya bar shi: takalman sojan nan a goge kamar gobe fareti, tanti a naɗe, sandunan fatsa a jingine, ƙugiyoyi cikin gwangwanin madara. Na sha kukana na more, sannan na yi dariya da na ga butar shayin da ya hana kowa wankewa, wai baƙin nan shi ne ɗanɗanon.

To ga inda gizo ke saƙar. Umma ta ɗauki kujerarsa mai naɗewa ta ce, "Auta, kafin ruwa ya sauka ya ɓata hanya, ki kai ni tafkin babanku in gani da idona." Ka san tafkin da Umma ta sani, wanda ba a hango gaɓarsa, mai dorinar da ke gaida Saja kullum safe, mai kifin da ya taɓa jan sa har tsakiyar ruwa. Ka kuma san wanda ni da kai muka sani, wanda ko akuya ba za ta nutse a ciki ba. Tun kafin a haife mu yake shara mata labarin nan, ita kuwa ta riƙe baki tana salati. In ta je ta gani, me zan ce mata?

Ka ba ni shawara da wuri. Ka gaida abokan aiki.

Ƙanwarka,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, na kuma gode Allah da jin lafiyarku. Ki gaida mini Umma da kyau.

Ba zan ɓoye miki ba, maganar nan ta tsaya mini a rai. Ranar da Baba ya fara kai ni wurin, na tsaya ina waige-waige, na ce, "Baba, ina dorinar?" Ya gyara hula ya ce, "Ta tafi unguwa. Kuma soja ba ya tona asirin sansani." A gindin bishiyar da ke bakin ruwan ya koya mini hura wuta da ashana ɗaya, da yadda ake yin shiru har tsuntsu ya manta da kai. Ke kuwa a wuyansa kike zuwa, a wuyansa kike dawowa, kina barci kina zuba masa yawu a kwala. Bai taɓa cewa ya gaji ba. Ina kewarsa ƙwarai.

Labaran nan su suka rage wa Umma. Kin san yadda take maimaita su ga maƙwabta da alfahari. Ba na so ta tsaya a bakin kududdufi ta ji cewa mijinta ya mai da ita abin wasa tsawon aurensu.

Ga abin da za ki yi. Ki ɗauki mota ki kai ta babbar madatsar ruwa da ke bayan gari. Can da gaske ba a hango gaɓa. Ki ce nan ne. Ban taɓa sa ki ƙarya ba, amma wannan rufin asiri ne.

Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Wannan karon ba zan tsaya dogon tambayar lafiya ba, cikina cike yake da magana.

Na bi shawararka, kuma da ni da kai duk mun sha kunya. Na kai ta madatsar, na shimfiɗa hannu kamar ni na haƙa, na ce, "Umma, ga tafkin Baba." Ko kallon ruwan ba ta yi ba. Ƙasa ta duba, ta tura yatsan ƙafa cikin yashi, ta ce, "Ke Auta, ni za ki yi wa wayo? Shekara da shekaru ina wanke wandon mutumin nan. Jar laka yake kwasowa, da ƙaya a bakin safa. Ina jar laka a nan? Wannan dabarar ba taki ba ce, ta yayanki ce. Juya motar."

Na juya, ya zan yi? Muka nufi tafkin na gaskiya, inda hanya ta ƙare muka sauka muka taka. Ka san gwiwar Umma, amma ta ƙi in riƙe ta, sai dai na ɗauki kujera. Ni ina ta addu'a Allah ya sa ko ɗan ruwan ya ƙaru. Ina! Ya ma ja baya. Ga bishiyar, ga duwatsun murhunsa da sauran baƙin hayaƙi, ga wasu kwaɗi suna ta harkarsu.

Ta tsaya tana kallon ruwan. Na ce shi ke nan, yau na kashe Baba karo na biyu. Can sai na ga kafaɗarta na rawa, na matso in rarrashe ta, ashe dariya take yi. Dariya har da hawaye, har sai da ta zauna. Ta nuna wani ƙaton kwaɗo ta ce, "Sannu, Hajiya dorina, ashe za mu gana."

Mun wuni a wurin. Na dafa mata shayi a butar nan, ta kurɓa ta ɓata fuska ta shanye. Rabon da in ga hankalinta kwance haka tun Baba na da rai. Sauran bayani ta ce ita za ta yi maka, ni in riƙe biro kawai. Ga shi a ƙasa.

Taka,
Auta

*

Zuwa ga yayan su Auta,

Ina gaishe ka, Allah ya yi maka albarka. Na ji abin da kuka ƙulla. Ban ji haushi ba, halin babanku ne kuka ɗauko.

Kai yaro, ni nake gyara kifin da yake kawowa. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima. Ba wanda ya taɓa wuce tafin hannuna.

Ku ba ku san shi ba lokacin da ya dawo daga yaƙi. Mutum ne ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, amma babu baki. Sai ya wuni yana kallon bango, in na ajiye abinci ya ci, in na yi magana ya gyaɗa kai. Har na fidda rai. Ran nan ya ɗauki fatsa ya fita, ya dawo da 'yan kifi biyu, ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Yau na ga dorina." Na ajiye ludayi na ce, "Kai! Girmanta fa?" Ya zauna ya fara, bai sake yin shiru ba sai da Allah ya karɓi abinsa. Wallahi a ranar nan da cewa ya yi ya ga giwa tana wanki, da na tambaye shi da wane sabulu.

Ba teku na je nema ba. Na je ne in ga ruwan da ya dawo mini da mijina. Na gan shi. Ƙarami ne, gaskiya, amma ya yi aikinsa.

Ka riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya tsare.

Ummanku