Zabuwa a Cikin Gadon Alhaji Bawa

Zangon Kumasi, Gana
3 ga Oktoba, 1958

Zuwa ga taubashina Hamadu mai man zafi, Fagge, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyalinka da duk mai cin tuwo a gidanka. Allah ya ƙara wa mahaifinka Kawu Alidu lafiya da nisan kwana, ya sa albarka a sana'arka, ya kare ka daga sharrin mahassada da kuma sharrin gaggawarka, amin.

Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Goggonka Fatu tana nan, baki ya fi ƙafa aiki. Gwiwa ce ke damunta in an yi ruwa, kuma kullum sai ta shafa man nan naka ta ce ta warke, gobe ma ta sake warkewa. Adizatu ta sauka lafiya a watan jiya, an sami namiji, an sa masa Osmanu. Rahmatu ta koma sayar da shinkafa da wake a bakin tasha. Ni kuwa ina nan a teburina kusa da gidan waya na Adum, ina rubuta wa mutane wasiƙun da ke cewa suna lafiya ko da ba su da ita. Kakar koko ta kama, leburori sun cika gari, ka san ke nan lokacin ciwon baya ya zo, wato lokacin kasuwarka.

Wasiƙarka ta iso, shafi biyu, tambaya ɗaya: ina takardar zabuwa? Zan ba ka amsa, amma ka yi haƙuri in faro daga tushe, domin na lura abin da ya yi maka daɗi kaɗai kake tunawa. Shekara shida ke nan da ka fara kawo man zafinka Kumasi a ƙananan gwangwanaye masu hoton zabuwa a murfi. 'Yan dakon kasuwar Kejetiya da leburorin gonakin koko suka karɓe shi hannu bibbiyu. Babu mai karanta sunanka da ka sa aka buga da manyan baƙaƙe a ƙasan hoton, tsuntsuwar suke nema. Matan Asante ma ba sa cewa komai sai a ba su akomfem, wato zabuwa a bakinsu. Ba a yi wata shida ba sai ga wasu gwangwanaye a kasuwa da wata tsuntsuwa mai ɗigo-ɗigo, ciki kuwa man kaɗe ne da barkono. Na ce maka ka je Ankara, babban birnin ƙasar nan, ka yi wa tambarinka rajista. Ka zaro takardar da ka yi a Ikko kana kaɗa mini ita, ka ce ai sarauniya ɗaya ce ke mulkin can da nan, sule ɗaya muke kashewa. Na ce maka sarauniyar ɗaya ce, amma akawunta biyu ne, kuma na Ankara bai taɓa buɗe littafin na Ikko ba. Yau ga shi ko sulen ma ba ɗaya ba ne.

Da ƙyar ka yarda, amma kana sauri ka koma Kano, sai ka yi abin da kowane falke ke yi tun zamanin kakanninmu: ka bar maganar a hannun maigidanka, Alhaji Bawa na unguwar Aboabo, wanda a gidansa kake sauka, da bakinsa ake sayar da kayanka. Alhaji ya hau jirgin ƙasa ya tafi Ankara. A ofishin rajista akawu ya tambaye shi tambarin na wane ne, kuma ina mazaunin mai shi a cikin ƙasa. To, mutumin da ya shekara arba'in duk lokacin da ɗan sanda ko ɗan kwastan ya nuna kayan baƙonsa ya ce na wa ne, amsarsa ɗaya ce, nawa ne, domin da haka maigida ke kare baƙo, me kake tsammani zai ce? Ya ce nasa ne, ya dangwala yatsa. Da takarda ta fito da jan hatimi, ya naɗe ta a ƙyalle ya sa a adaka tare da takardunsa na hajji. Ni ba a nuna mini ba, ka ce kada a wahalar da ni, ko da yake na san shawarata ce ta ishe ka. Kai ma ba ka nemi gani ba, don kada ya zama kamar kana tuhumar maigida. Kunya ta hana ka tambaya, amana ta hana shi tunanin akwai abin tambaya, takardar kuwa da Turanci take, ta kwanta abinta shekara shida.

Ka san Allah ya yi wa Alhaji rasuwa mako guda bayan Babbar Salla. Bayan sadakar arba'in, Malam Seini limamin unguwa ya zauna da magada don a san abin da mamaci ya bari. Aka buɗe adaka, aka ga takardar Turanci, aka aika a kira ni. Ina dubawa na ga inda aka ce mai tambari, sunan Alhaji Bawa ne zaune daram, naka ko a gefe babu. Ba zan ɓoye maka ba, na yi tunanin in yi tari in tsallake layin. Amma Sanni, babban ɗansa, ya yi boko har aji shida, kuma yana tsaye a bayana yana bin yatsana da ido. Na karanta yadda take, na fassara yadda take. A taƙaice, a wurin hukumar Gana, zabuwarka tana cikin gadon Alhaji Bawa, tsakanin gidan Aboabo da keken ɗinki.

Magana ba ta kwana a zango. Kafin mako ya zagayo wani kamfanin magunguna na Ankara ya turo mutuminsa wurin Sanni, suna son sayen tambarin su sa nasu man a ciki. Na ɗauki kwafin takardar na kai wa wani lauya a nan Adum, dattijo mai haƙuri, ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce in tambarin ya koma hannun kamfani, gwangwaninka na gaskiya shi zai zama na jabu a ƙasar nan, suna iya sa a tare kayanka a kan iyaka, su kuma kai duk mai sayar da shi ƙara. Na nuna masa hoton takardarka ta Ikko da ka taɓa ba ni, ya yaba kyawun bugunta, ya ce a yi mata firam a rataye a Kano. A gaban doka yanzu kai baƙo ne, ba irin wanda ake shimfiɗa wa tabarma ba, irin wanda ake cewa ina takardarka. Na tambaye shi ko za a iya shari'a, tunda kowa a Kejetiya ya san mai man. Ya ce ana iyawa, kuma mai yiwuwa ka ci, amma kafin a gama jaririn Adizatu ya fara aske gemu. Hanya mai sauƙi ita ce magada duka su sa hannu a takardar mayar da tambari ga mai shi, a kai Ankara a canja suna, a rubuta ofishin lauyan a matsayin inda za a riƙa samunka a Gana. Ya rubuta takardar, tana aljihuna yanzu haka.

Magadan huɗu ne: Hajiya Hamamatu uwargidan marigayi, da Sanni, da ƙannensa mata biyu. Hajiya tana takaba, don haka daga bayan labule ta yi wa Malam Seini magana, ina zaune. Ta ce ta shekara arba'in a gidan nan, ta ga baƙi sun bar shanu, sun bar huhunan goro, wani mutumin Gawo ma ya bar sirdi shekara tara, Alhaji bai taɓa barin ko yaro ya hau shi da wasa ba har mai shi ya dawo. Ta ce ajiya ba ta shiga gado, kuma ba za ta yarda a ɗora wa mijinta kayan wani a kabari ba. Malam Seini ya ce haka yake a littafi, ni ma na san babin, amma ya ƙara da cewa akawun Ankara ba ya karɓar fatawa, yatsa yake so. Nan take Hajiya ta miƙo hannu ta ƙarƙashin labule ta dangwala, 'ya'yanta mata suka bi. Saura gurbi ɗaya.

Na je wurin Sanni da wa'azina a shirye, ina zaton kwaɗayi zan tarar. Bai bar ni na fara ba. Ya shiga ɗaki ya fito da tangarahun da ka buga masa, ya ajiye a gabana. Hamadu, ranar sadakar uku ya iso. Zaure cike da mutane, aka ce ga waya daga Kano, kowa ya yi shiru, aka ba wani ya karanta da ƙarfi don a ji ta'aziyyar babban baƙon gidan. Abin da aka ji shi ne a adana takardar zabuwa, sauran bayani yana tafe. Babu ko Allah ya jiƙansa. Na san kowace kalma kuɗinta ake biya a gidan waya, na kuma san ka da tattali tun muna yara, amma wannan tattalin ya yi tsada. Sanni ya ce tsohon nan da sandarsa yake zaga Kejetiya rumfa-rumfa yana kwashe na jabu, sau biyu yana sa a rubuta wa masu kwaikwayo takardar gargaɗi, har ya ɓata da wani amininsa a kan gwangwaninka. Ya ce ubansa kaza ce da aka sa wa ƙwan zabo ta kwanta a kai, da aka ƙyanƙyashe ko waiwaye ba a yi ba. Ya ce shi kuɗin kamfani bai dame shi ba, amma gidansu ba sito ba ne da za a aiko a ce a buɗe. Na nemi abin da zan kare ka da shi, na karanta littattafai ba laifi, ban samu ba.

Ga inda aka tsaya. Ya yi wa mahaifiyarsa alkawari ba zai ba kamfani amsa ba sai ta fita takaba, ranar sha biyu ga Nuwamba, kwana arba'in daga yau. Bayan nan kuwa ya ce bakinsa nasa ne. Ko da sauran sun sa hannu, in nasa babu, takardar lauya ba ta da amfani, sai dai shari'ar da na faɗa maka. Na tambaye shi kai tsaye me zai sa ya dangwala. Ya ce bai san wani Hamadu na takarda ba, ya san wanda ya saba cin tuwo a zauren nan, in wannan ya zo ya zauna ya yi gaisuwa kamar yadda ake yi, aka raka shi kabari ya yi addu'a, to, a lokacin za a ga abin da Allah zai yi. Bai ce zai sa hannu ba, kada ka ce na ce. Amma na shekara ashirin ina rubuta wa mutane abin da suke nufi ba abin da suka faɗa ba, kuma a ganina ƙofar a buɗe take.

Saboda haka ka taso da kanka, zumunta a ƙafa take. Ka hau jirgin ƙasa zuwa Ikko, ka bi mota ta gaɓar teku, kwana goma sun ishe ka ko da an tsare ku a kan iyakar ƙasashen da Faransa ke mulka. Kada ka aiko yaronka Sumana a madadinka, kada ka aiko kaya ko kuɗi su riga ka isowa, zai ce sayensa kake son yi. In ka zo, kwana uku kada kalmar tambari ko takarda ko Ankara ta fito daga bakinka. Zan zauna kusa da kai, in na ji ka doshi wajen zan taka maka ƙafa, kuma ka san ba na tausaya wa taubashi. In Allah ya sa aka dace, tare za mu je Ankara, a rubuta sunanka da na Kawu, in karanta maka sau biyu a gaban akawun, sa'an nan in riƙa duba gazet, jaridar sanarwar gwamnati, duk fitowa, don kada wani ya shigar da makwarwa ya ce ba zabuwa ba ce.

Abu na ƙarshe, kuma ya fi sauran nauyi. Da na miƙe zan fita, Sanni ya tambaye ni, yana kallon bango, in ka zo ina za ka sauka. Na ce ina kuwa, in ba inda ka saba ba. Sai ya rako ni har bakin titi, abin da bai taɓa yi ba. To, kada ka sauka gidana. Goggonka za ta yi faɗa, ni zan sha shi. Daga tasha ka sa a ɗauki akwatinka zuwa Aboabo, ka yi sallama a zauren nan, in ya fito, ko da yake ka girme shi, ka kira shi Maigida.

Ka gaishe mini da Kawu Alidu da kyau, ka ce ƙanwarsa tana ambatonsa kullum bayan salla. Ka gai da Sala da yara, da Sumana, da Inna Zaratu in tana gari. Goggonka Fatu da Rahmatu da Adizatu suna gaishe ku duka. Allah ya jiƙan Alhaji Bawa, ya kawo ka lafiya cikin kwanakin nan.

Wassalam. Ni ne taubashinka,
Muniru Brimah