Ranar da ka ce Falmata ba ta da beli

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdu Wanzami,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta ɗa ga ubansa, ina fatan ƙasa ta yi maka sanyi. Shekara huɗu ke nan da ka bar mu, kuma akwai maganar da ban taɓa yi da kai ba. Yau zan yi ta.

Baba, ni da kai duk da jini muke aiki. Kai ka gaji zabira daga kakanmu da ya zo daga Damagaram, kana yi wa manoman tattasai na bakin Komadugu aski da ƙaho. Ni kuwa na bi lakkwal, wato boko, na ƙare a labo, ɗakin awon jini na asibitin Diffa. Kullum sai ka tsokane ni, ka ce kai kana fid da mugun jini mutum ya tashi garau, ni kuwa ina ɗibar mai kyau in ba mutum takarda.

Ka tuna damanar da kasala ta kama ka, idonka ya yi ɗorawa? Ka ce shawara ce, jiƙo zai kore ta. Sai da na yi kwana uku ina naci kafin ka miƙo hannu. Da ka ga jinin cikin kwalba, ja wur, ka ce ai wannan ko makaho ya san lafiyayye ne.

Ido ba ya ganin abin da muke nema, Baba. Abu biyu na auna. Na farko shi ne transaminaz, wanda yake hauhawa cikin jini idan hanta tana shan wuya, naka kuwa ya hau sosai. Na biyu alamar ƙwayar cutar hanta ce, wadda muke kira antijen. Wannan sai da na aika Damagaram cikin ƙanƙara. Amsa ta dawo cewa akwai ta. Bayan wata shida idonka ya washe, ka koma cin tuwonka da kyau, na sake aunawa. Tana nan daram.

Na gaya maka cutar tana bin jini, kuma aska ɗaya tana iya kai ta daga mutum zuwa mutum. Ka saurare ni kamar yadda ake sauraren rediyon maƙwabci.

Sai matata Yagana ta haifa mini Falmata, jikarka ta fari. Kowa ya san ranar suna kai za ka yi mata aski ka cire mata beli, da askar nan da kake gyara gemunka da ita, da hannunka mai kaushi da tsagewa. Wallahi kwana shida ina jin tsoro. Na san jinjiri in ya ɗauki cutar nan, yawanci ba ta barinsa har tsufa. Na kuma san in na hana ka taɓa jikarka a gaban mutane, na kashe maka sana'a a garin nan.

Jajibirin suna, bayan la'asar, na same ka kana wasa aska. Na ajiye maka reza sabuwa cikin takardarta da safar hannu irin tamu ta labo. Na ce aski da wannan, beli kuwa ba za a taɓa shi ba. Na tsaya a kan maganata, ban janye ba. Ka dube ni, ka dubi safar, ka ce ashe ka haifi majo, babban malamin asibiti, ba ka sani ba. Ka ci gaba da wasa askarka. Na fita ina tunanin ko gobe ma za ka zo.

Washegari kuwa ka zo, da babbar rigarka. Dangin Yagana sun cika tabarmi, har da kakarta da ta taso tun daga garin Maine. Ka zauna, ka fito da safar da kanka, ka sa ta a hankali, kana gaya wa mutane ɗanka ya kawo maka kayan aikin zamani, bari ka gwada. Aka yi dariya. Ka yage takardar reza, ka yi askin nan tas, ko ƙwarzane babu.

Sai kakar Yagana ta ce saura beli. Ka buɗe bakin yarinya, ka daɗe kana leƙawa, irin leƙen gwani. Sannan ka ɗago ka ce wannan ba ta zo da belin da za a cire ba, a bar ta. Wa zai yi gardama da Abdu Wanzami a kan beli? Tsohuwa ta ce alhamdulillahi, aka shiga rabon goro.

Baba, ina tsaye a bayanka. Na ga belin, kamar na kowane jinjiri. Ƙarya ka yi, kai da ban taɓa jin ka yi ƙarya ba ko a ciniki. Ka yi ta ne don kada a ce ɗa ya hana ubansa, kada kuma jikarka ta ɗauki abin da yake jikinka. Daga ranar ban ƙara ganin ka aske wa kowa da tsohuwar aska ba, kuma har hantar ta kwantar da kai ba mu taɓa tayar da zancen ba. Na yi daidai, ba na shakka, ko yau aka maimaita haka zan yi. Amma ban gode maka ba, shi ne yake damuna.

Falmata ta shekara tara. Makon jiya na ɗibi jininta da hannuna, na auna. Babu alamar cutar. Na gode, Baba.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kaffara. Ƙaryar nan guda ɗaya kuwa, ina roƙon Allah kada ya rubuta maka ita cikin zunubi.

Ɗanka,
Sani na labo, Diffa